Laifin da Aka Ɗora wa Firjin Baba Gyang

Har yau ban manta da ranar da aka karɓe makullin ɗakin sanyi daga hannun Baba Gyang ba. Juma'a ce, cikin damina. Shi yana tsaye a gaban teburin oga, ni kuma ina zaune a gefe, alhali ni ne mai laifin. Ina ba ku wannan labari ne, ku sababbin shiga aikin nan, saboda kun sha tambayata me ya sa nake tada jijiyar wuya duk lokacin da wani ya ce zai ƙirƙiro nasa tsarin fayil.

A lokacin ina jami'in kwamfuta a wani kamfani da ke sarar magungunan kaji da na rigakafi, a bayan Terminus. Kun san yadda kiwon kaji yake a Jos, kusan kowace unguwa akwai mai keji. Mai kamfanin, Oga Obinna, haifaffen Jos ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa, ga saurin fushi. Baba Gyang shi ne mai kula da sito da ɗakin sanyi, tun kafin a ɗauke ni yake wurin. Maganin rigakafi ba ya son zafi. Idan firji ya tsaya na wasu awoyi, kwalbar tana nan yadda take a ido, amma ƙarfinta ya tafi. Saboda haka safe da yamma Baba Gyang yake duba ma'aunin sanyi ya rubuta a littafi. In an ɗauke wuta, kafin mu gama tsaki ya riga ya tada janareto.

Kayanmu daga wani babban kamfani a Legas suke zuwa. Kafin mota ta iso, kwamfutarsu kan aiko wa tamu saƙo: ga abin da ke tafe, ga yawansa, ga ranar da zai lalace, ga lambar zubi. Lambar zubi ita ce wadda ake bugawa a jikin duk kwalaben da aka haɗa a lokaci ɗaya, don in matsala ta taso a san waɗanda za a janye. Su mutanen Legas suna rubuta saƙonsu ne da tsari na bai-ɗaya, wanda aka wallafa a fili, kowa na iya karanta ƙa'idarsa ya gina manhajar da za ta fahimce shi. Amfaninsa ke nan: kwamfutar wannan kamfani ta yi magana da ta wancan ba tare da tafinta ba.

To ni sai na mayar da kaina tafinta. Manhajar da muke aiki da ita ni na rubuta ta, da nawa tsarin, da gajerun sunaye waɗanda ni kaɗai na san ma'anarsu. Na kuma rubuta wata 'yar ƙarama da ke tsayawa a tsakani, ta karɓi saƙon Legas, ta tsinci sunan kaya da yawansa ta zuba a tamu. Lambar zubi ba ta da gurbi a wurina, don haka zubar da ita take yi. Idan kuma wani irin saƙo ya zo wanda ba ta gane ba, sai ta tura shi wata jaka da na sa wa suna "tarkace", ta yi shiru abinta.

Ba rashin sani ya sa na yi haka ba, gara in faɗa muku gaskiya. Na ga yadda ake sallamar mutane a garin nan, sai na ce bari in ɗaure aikina da igiyar da ni kaɗai na san kullinta. Ngozi, mai kula da odar kwastomomi, ta taɓa aiki a Legas, ta san yadda abin yake. A wani taron ma'aikata ta ce, "Oga, me ya sa ba za mu bi tsarin da suke aiko mana da shi ba? Komai yana ciki, mu ne muke zubarwa."

Na yi dariya na ce, "Wannan tsarin na manyan kamfanoni ne, Ngozi. Mu nan kwalabe nawa muke sayarwa? Ki bar wa masu abin abinsu."

Oga ya ce, "Mukhtar ya san aikin shi. Mu ci gaba." Na fito daga taron nan kaina ya kumbura, har na saya wa kaina tsire.

Bayan kamar shekara guda, wata Litinin, masu kaji suka fara zuwa. Sun sayi rigakafin cutar Gumboro a wurinmu, sun ba 'yan tsaki a ruwan sha yadda aka saba, amma cutar ta shiga ta yi ɓarna kamar ba a ba su komai ba. Wata mata daga Tina Junction ta zo da matattun 'yan tsaki a buhu ta zazzage su a bakin ƙofa. Kafin la'asar mutum biyar sun zo da magana iri ɗaya.

Oga bai tsaya dogon tunani ba. Magani ya mutu, to zafi ya sha, zafi kuwa a firji ake shan sa. Ngozi ta ce a kira Legas a tambaya, ya daka mata tsawa. "Ki kira su ki ce mene? Mun kashe maganin su? Su ƙwace mana wakilci su ba wani? Abeg, kar wanda ya kira kowa." Ya sa aka kira Baba Gyang.

Baba ya zo da littafinsa a hannu, ya buɗe shafi bayan shafi. "Oga, duba. Safe, yamma, safe, yamma. Firjin nan bai taɓa ɗumi ba."

"Littafi? Ko ni zan iya zauna in cika littafi da lamba." Oga ya ture shi gefe. Ya ce ya ba shi zuwa Juma'a, in ba a gano wani dalili ba, ya ajiye makulli. Sannan ya juyo gare ni ya ce in duba kwamfuta ko akwai wani abu.

Ranar Laraba na tuna da jakar tarkace. Rabona da buɗe ta har na manta. Ina buɗewa na ga saƙo daga Legas, ya yi mako uku a kwance. Sanarwar janye kaya ce. Na'urar sanyin motar da ta ɗauko wani zubi ta lalace a hanya, sun gano daga baya, suna umartar duk wakilansu su dakatar da sayarwa su ware kwalaben. Ga lambar zubin nan a rubuce. Na sauka sito, na ce wa Baba ina son ganin kwalba ɗaya daga cikin ragowar. Ya buɗe mini da kansa, har yana ce mini in yi sauri kada sanyi ya fita. Lambar ita ce.

Akwatin saƙonmu kuma yana da ɗabi'ar amsawa da kansa cewa saƙo ya iso. Ke nan a wurin mutanen Legas mun gani, mun kuma bi umarni. Ba wanda zai kira mu.

Na koma kujerata na zauna ina kallon allo. Idan na nuna saƙon nan, tambaya ta farko ita ce me ya sa bai shiga manhajarmu ba, amsar kuma ni ce. Ngozi za ta tuna taron nan, oga ma zai tuna. Na ce a raina gobe zan faɗa. Da gobe ta yi na ce bari oga ya huce tukuna. Abin da kawai na yi shi ne na ba da shawarar a daina sayar da ragowar kwalaben tunda ana zarginsu, kowa ya ce na yi tunani mai kyau.

Ranar Juma'a oga ya tara mu a ofishinsa. Ya dube ni ya ce, "Mukhtar, ka ga wani abu?"

Na ce, "Ban ga komai ba, oga."

Baba Gyang ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon wanda ya jira sakamakon asibiti aka faɗa masa. Ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "To shi ke nan. Ku riƙa duba roban ƙofan, yana son ya saki." Ya ɗauki littafinsa ya fita. Na je masallaci ranar nan, amma ban san me limami ya faɗa ba.

Wata biyu ina ɗauke da abin nan. Sai ga wakilin kamfanin Legas ya zo da takarda, ya ce ya zo karɓar kwalaben da aka janye, don mu kaɗai ne ba mu mayar ba. Oga ya ce waɗanne kwalabe. Mutumin ya buɗe kwamfutarsa ya nuna ranar da suka aiko da sanarwa, da shaidar cewa ta iso mana. Ngozi ta juyo ta dube ni. A nan na buɗe jakar tarkace a gabansu, na kuma faɗi ranar da na fara ganin saƙon, don na gaji.

Oga ya yi mini wankin babban bargo, har ma'aikatan shagon da ke maƙwabtaka suka leƙo. Da ya gama ya zauna yana huci, ya ce, "Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Da akwai mutum ɗaya a garin nan da zai iya karanta wannan abin da ka rubuta, da yau ka tafi gida. Amma in na kore ka, gobe ko kwali ɗaya ba zan iya fitarwa ba." Dabarata ta yi aiki ke nan, daidai yadda na tsara ta. Ban taɓa jin kunyar wata nasara irin wannan ba.

Ya ce in je Bukuru da kaina in dawo da Baba Gyang. Na same shi a bayan gari, yana ban-ruwan kabeji a gefen wani tsohon ramin kuza. Ya rame. Na gaishe shi, na faɗa masa cewa an gano maganin tun daga hanya ya lalace, firjinsa ba shi da laifi.

Ya ajiye bokitin ya zauna a kan kunyar gona. Sannan ya ce, "Ka san na yarda ni ne? Na ce wa matata, tunda Mukhtar ya duba kwamfuta bai ga komai ba, to ni ne. Wataƙila tsufa ya sa na karanta lamba ba daidai ba. Na bi mutanen nan gida gida na roƙe su gafara." Ya kama hannuna. "Allah ya yi maka albarka da ka ci gaba da nema."

Da na yi shiru da an rabu a haka. Na ce, "Baba, ban ci gaba da nema ba. Na ga saƙon tun ranar Laraba, kafin a karɓi makullinka. Tsoro na ji."

Ya saki hannuna a hankali. Ya ce, "Ranan da ka zo ka ce in buɗe maka firji?"

Na ce, "Ranar."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce aikin dai ba zai koma ba, don ba zai iya tsayawa a gaban firjin nan yana zargin idonsa ba kuma. Abu ɗaya ya nema: in bi shi gidajen da ya je roƙon gafara, in faɗa musu da bakina. Kwana biyu muka yi muna zagayawa a keke-napep, shi yana gaba ni ina biye. A kowane gida sai ya tsaya a gefe ya ce, "Ga shi, ku ji daga bakin shi." Matar nan ta Tina Junction ta saurare ni har na gama, sannan ta juya wurinsa ta ce, "Baba, ashe durƙuson da ka yi mini a banza ka yi shi." Ya ce mata ba komai. Ni ne na kasa ɗaga kai.

Na koma ofis na nemi Ngozi ta zauna da ni. Wata huɗu muka yi muna mayar da komai kan tsarin bai-ɗaya. Lambar zubi ta samu gurbinta tun daga mota har zuwa hannun mai saye, duk saƙon da manhaja ba ta gane ba kuma sai ta yi ƙara a allon mutum uku. Na rubuta bayanin komai dalla-dalla yadda kowane ɗan kwamfuta zai iya ɗauka ya ci gaba. Da muka gama na kai wa oga na ce yanzu yana iya korata. Bai kore ni ba, ni na tafi da kaina bayan shekara.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, waɗanda suka zauna suka tsara ƙa'idar bai-ɗaya ba don ado suka sa kowane gurbi ba. Gurbin da ka ga kamar ba ka buƙata, wani ne can a ƙasa yake dogara da shi, mai sito ko direba ko mai keji, wanda ba ya zuwa taronku. Kuma mutane sun fi yarda da kwamfuta a kan littafin dattijo, don haka abin da kuka bari ta zubar, a kan wani zai faɗo. Ni na gina tsarin da zai hana a kore ni, ya kuwa hana. Baba Gyang, da ya yi shekaru yana rubuta gaskiya safe da yamma, shi ya biya, kuma har yau kabeji yake nomawa a Bukuru.