Masarata da Kuɗin Fito

Ina tankaɗen gari a bakin madafi na ji tana gaya wa babanta. Ni ba ta gaya mini ba, kuma ban ga laifinta ba, don haka muka saba. Ita ce 'yata ta fari. A ɗakin mahaifiyata ta tashi tun daga yaye, cikin ƙannena, shi ya sa har yau Yaya take ce mini kamar yadda suke cewa. Ni ma ban taɓa kama sunanta ba, in zancenta ya taso sai in ce yarinyar nan. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar, ban taɓa jin ta yi mini nauyi ba sai a waccan shekarar.

Karatun safiyo take yi a Kaduna, wato awon ƙasa da zanen taswira. Ta zo hutu ne daidai lokacin da ake ɓarzar masara.

"Baba, in muka shiga zangon ƙarshe kowa sai ya zana taswirarsa da kansa kafin a sallame shi. A waya ba ya yiwuwa. Kwamfuta ake nema, irin wadda ake ɗorawa a cinya."

Malam ya ce, "To, Allah ya hore." Na san wannan muryar tasa. Amfanin gonarsa an riga an raba shi tun yana tsaye a gona: na ci, na makarantar ƙannenta, na takin baɗi.

Ni kuwa ina da 'yar gonar da na gada a wajen mahaifina, can bayan Maska. Da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake biyan 'yan ƙwadago. A shekarar ta ba ni buhu tara na masara, abin da ba ta taɓa yi ba. Da yarinyar ta koma makaranta na ce wa Malam, "Masarar nan tawa fa? Sai dai ka ce mata kai ne za ka saya."

Ya dube ni ya yi dariya. "Ke da 'yarki, sai ka ce surukai."

Ranar kasuwa ya ɗauke ni a babur muka shiga Funtuwa. Shagon na wani magidanci ne mai fara'a, kwamfutoci jere cikin gilashi kamar kwanukan amarya. Ya fito mana da wata mai launin azurfa, sabuwa, siririya, ya ce ita ɗalibai ke so. Na sa yatsa na taɓa murfinta, sanyi ƙalau. Akwai 'yar takarda manne a gilashin da kuɗinta a rubuce. Ni na karanta da kaina, a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, ina bin sifili ɗaya bayan ɗaya. Malam ya yi lissafi a kansa ya ce buhu takwas ke nan, ɗaya ya rage mini.

"Mu sayar gobe, jibi mu dawo mu ɗauka," in ji shi a hanya.

Na ce a'a. Wa ke sayar da hatsi da kaka in ba matsuwa ba? Tun ina yarinya na ga mahaifina yana rufe rumbu, ba ya buɗewa sai damina ta sauka, tiya ta ninka kuɗinta. Na lissafa cewa in na jira, buhu biyar ma sun isa, sauran in saya wa yarinyar nan katifa da tukwane in fara tara mata. Kuma zangon ƙarshen da saura watanni. Malam bai ja ba. Ya ce, "Masararki ce." Muka sa mata magani, muka jera ta a kan katako a ƙuryar ɗakina. Kowace safiya in ina shara sai in dafa buhun sama in wuce.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, masara ba ta motsa ba. Sai ma ta fara sauka. Duk ranar kasuwa in Malam ya dawo ba na tambayarsa, yadda yake jingine babur kawai nake kallo. A rediyo muka ji dalili, an ce gwamnati ta ɗage harajin shigo da hatsi daga waje don jama'a su sami sauƙi. Kuma sun samu. Maƙwabciyata da mijinta ya rasu, wadda kullum awo take yi da tiya, ta leƙo ta katanga tana cewa, "Alhamdu lillahi, bana yara sun ƙoshi." Na taya ta godiya, da gaske kuma nake. Na koma ɗaki na zauna ina kallon buhuna.

Na ce zan ƙara jira, ai damina ba ta sauka ba. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, farashi na nan a ƙasa.

Ran nan na ce wa Malam ya mai da ni shagon. Kwamfutar tana nan inda na bar ta. Na gane ta da wani ɗan tabo a kusurwar kwalinta. Takardar jikin gilashin ce aka canza. Na karanta sau biyu, na ɗauka idona ne.

"Hajiya, sannu da zuwa. Kin dawo ɗaukar amaryarki?"

Ban je Makka ba, amma 'yan kasuwa kowa Hajiya ne a wurinsu. Na ce, "Ɗana, me ya sami kuɗin nan?"

Ya jawo mana benci. "Wallahi ba mu ba ne. Kayan nan duk daga ƙetare suke zuwa. In sun sauka Legas, kwastan ba sa saki sai an biya kuɗin fito, ga kuɗin tasha, ga na wannan ga na wancan. Da dala suke yin lissafin, kuma an ƙara wani abu a kai. Wanda ya shigo da kayan ba daga aljihunsa zai biya ba, sai ya ɗora wa dilan Kano. Dila ya ɗora mini. Ni kuma..." Ya buɗe hannuwa.

"Kai kuma ka ɗora mini. To ni wa zan ɗora wa?"

Malam ya ce, "Ki ɗora wa ɓerayen ɗakinki, su suka fi kowa cin ribar ajiyar nan." Mai shagon ya tuntsire da dariya, ni ma na murmusa don kar a ga idona.

Na nuna kwalin. "Amma wannan tun kaka tana nan. Ta biya nata fiton tun tuni. Don me za ta biya na waɗanda ba su iso ba?"

"Hajiya, kina sana'a?"

"Ina ƙuli da mai."

"In gyaɗa ta tashi yau a kasuwa, man da kika matse jiya a tsohon kuɗi kike sayarwa?"

Ba na sayarwa a tsohon kuɗi, in na yi haka da me zan auno gyaɗar gobe? A hanya Malam yana ta faɗa, wai 'yan kasuwa kowane haɗama tasu sai su rataya wa kwastan. Wataƙila akwai hakan. Ni abin da ke juya mini a rai shi ne, ƙofa ɗaya ce a can bakin ruwan da ban taɓa gani ba. An buɗe ta ga masara, an matse ta ga kwamfuta, duka biyun kuma a ɗakina suka sauka. Yanzu buhu taran gaba ɗaya ko rabin kuɗin ba su kai ba.

Bayan kwana goma yarinyar ta zo ba zato, ranar Juma'a da hantsi. Ta tarar ina matsar mai, ta naɗe hannun riga ta karɓi muciyar. Ta shiga juya tunkuza a turmi. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yaya, Baba bai ce miki komai ba kan maganar kwamfutar nan?"

Na ce, "Me ya faru?"

Ta ce duk watannin nan da ta ƙawarta take aiki, wata 'yar Kafur da suke ɗaki ɗaya, takan bar mata in ta tafi coci ko in ta gaji. Yanzu ita ma aikinta ya taso, kwamfuta ɗaya ba za ta ɗauke su ba. Malaminsu ya ce duk wanda bai miƙa taswira nan da mako shida ba, sai baɗi.

"Ina jin nauyin sake tambayarsa. Na ga ya rame. In ba hali ya gaya mini kawai, in haƙura da shekarar. Amma ya ce mini an kusa, an kusa, tun sanyi."

A muryarta na ji ta fara riƙe shi a rai. Mutumin da ya ce a sayar tun ranar farko.

Na goge hannuna da gefen zane. Ban iya kallonta ba, turmin na kalla. Na ce, "Ba babanki ba ne. Ni ce. Masarata ce aka ware miki, ya ce a sayar da kaka na hana. Na so in sami rara in yi miki wasu abubuwan. Ga shi na jira har ta lalace a hannuna."

Muciyar ta tsaya. "Masarar da ke ɗakinki? Duk tawa ce?"

"Taki ce."

"Tun kaka?"

Na ɗaga kai. Ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Da ta juyo hancinta ya yi ja, amma dariya take yi. "Yaya, ke da kike cewa ban iya ko dama kunu ba."

"Har yanzu ba ki iya ba. Juya tunkuzar nan kar ta sandare."

Washegari Malam ya kai masarar kasuwa ya sayar yadda ta kama. Na haɗa da kuɗin jarka biyu na mai. Ya ce shi yana da aikin zuba taki a gona, mu je mu biyu. Na san da gangan ya yi. Tunda na haife ta ba mu taɓa fita ni da ita kaɗai ba.

A shagon na ga abin da ban sani ba game da ita. Ko kallon mai launin azurfar ba ta yi ba. Ta tsaya gaban mai shagon tana jero masa tambayoyi kan abin da ke cikin kwamfuta, rabi Hausa rabi Turanci, har ya cire hula ya sosa kai.

"Hajiya, ashe injiniya kika ɓoye a gida kike zuwa ba tare da ita ba ina yi miki daɗin baki?"

"Ka fito da na hannu," in ji ta. "Ba na gilashi ba, na ƙarƙashin tebur."

Ya duƙa ya fito da guda uku. Ta ɗauki wata baƙa mai kauri, murfinta a tsage an manne da salatif, harafi ɗaya ya ɓalle. Ya ce ta wani ma'aikaci ce da ya sayar don ya sayi taki. "Wannan ta biya kuɗin fitonta tun kina sakandare, ba ruwanta da kowa." Ta zaro wani ɗan abu daga jakarta ta soka a gefe, ta zauna a bencin nan kusan awa guda. Ina gefenta ina kallo. Sai ga layuka sun fito a fuskar kwamfutar, gonaki da hanya da rafi, ta ja su da yatsa suna matsawa.

Na sunkuya na ce mata a hankali, "Murfin fa a fashe yake. Ƙawayenki za su gani."

"Taswira malamin zai duba, Yaya, ba murfi ba. Wannan ta fi waccan ƙarfi ma. Waccan kyau ne kawai."

Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko don ni ta faɗa. Ban tambaya ba.

Batirin ne ba ya riƙe wuta, mai shagon bai ɓoye ba. Ta yi ta ja da shi a kan haka har ya ce ta bari kar ta sa shi kuka a gaban mutane, ya rage, ya ƙara mata da jaka. Abin da ya saura a hannuna ya isa kuɗin mota da tsire na mutum biyu. Muka tsaya a wata rumfa kusa da tasha, ruwa ya ɗan fara yayyafi, ta rungume jakar a ƙirji ta rufe da mayafinta, ita tana jiƙewa. Na tura mata yankan da ya fi tsoka, ta turo mini, na sake turawa, ta ci.

Makonnin da suka biyo ba ta cika kira ba. Ta wajen babanta nake jin cewa kullum tana can inda ake da wuta, yau ɗakin karatu, gobe shagon mai caji, tana zaune kusa da soket. Wata Laraba bayan la'asar ina tsince gyaɗa wayata ta yi ƙara, tawa, ba ta Malam ba.

"Yaya, na miƙa. Ya karɓa, ya sa hannu."

Na ajiye faifan a ƙasa. Kaji suka taso, ban kore su ba.

Na ce, "To, madalla. Kin ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba tun safe."

"Tashi ki je ki ci, sai ki sake kirana."