Kafaɗar Baba Girgiza

Kowace safiya, kafin ya taɓa sifana, Baba Girgiza sai ya share daɓen garejinsa. Ba sharar ganin ido ba ce. Lungu-lungu yake bi yana tsince tsakuwa da guntayen ƙusa, domin a cewarsa tsakuwa ɗaya ta isa ta karkatar da tayar jak alhali mota na sama. In ya gama, sai ya jawo tsohon jak ɗinsa daga bayan ƙofa, ya goge shi da tsumma, ya leƙa ko mai ya ɗiga, ya danna hannun ya kasa kunne. Sai bayan nan zai amsa gaisuwarka da kyau. Kafin nan kuwa "uhm" kawai za ka samu, ko kai waye.

Mijin yayata ne. Ni kuma direba ne, ina jan a-kori-kurar masu haƙar rijiya, irin wadda aka ɗaga ta sama aka sa mata manyan tayoyi don shiga daji da ratsa rafi. Saboda haka ta fuska biyu na san shi: a gida ina cin abincinsa ina tsokanarsa, a gareji ina tsaye ina cika ina batsewa yana ɓata mini lokaci. Shekarun da ya yi a kwance ƙarƙashin motocin jama'a sun fi shekarun wasu masu motocin a duniya. Bana likita ya ce bayansa ya gaji, ya ajiye aiki. Na ga bai kamata mutum irin wannan ya tattara sifanunsa ya koma gida shiru ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Sunan Girgiza ba a banza ya same shi ba. In zai ɗaga mota, sai ya fara sa wa tayoyin da za su zauna a ƙasa waigi. Ya tura jak daidai ƙarfen da aka yi don ɗaukar nauyi, ya ɗaga. Sannan ya kawo matokaran ƙarfe ya kafa, ya sauke motar a hankali ta zauna a kansu. Duk wani bakanike na kirki yana yin haka. Abin da ya raba shi da sauran shi ne na ƙarshe: sai ya sa kafaɗarsa ta dama a jikin motar, ya turo ta da iya ƙarfinsa, ya jijjiga ta gaba da gefe kamar mai neman faɗa da ita. In ta yi ko gezau, a shiga. In ta motsa, a sake daga farko, ko da mai motar zai yi kuka.

Na taɓa ce masa, "Yaya, wai motar nan laifin me ta yi maka?"

Ya ce, "In za ta faɗi, gara ta faɗi yanzu ina kallonta, ba sai tana kallona ba."

Manyan motocin daji suna da wata matsala da wanda bai saba da su ba bai sani ba. Jak ɗin ƙananan motoci yakan kai ƙarshensa tun taya ba ta bar ƙasa ba, domin kana ɗaga jikin motar, sifirin da ke tsakanin jikin da tayar yana miƙewa ƙasa yana bin tayar. To, sai ka ga mutum ya ɗauko katako ya ɗora a kan jak, ko ya jera bulo a ƙarƙashinsa don ya ƙara tsawo. Babu abin da ke tayar wa Baba Girgiza hankali kamar wannan.

Mai facin da ke kusa da garejinsa ya ba ni labari da bakinsa. Wata rana aka kawo masa irin wannan motar, taya ta yi faci, mai ita yana ta duban agogo. Mai facin ya ɗora katako biyu a kan ɗan jak ɗinsa, ya cire tayar, ya ga wani abu yana lilo a ciki, har ya kwanta zai zura kai ya duba. Sai ya ji an kama ƙafarsa an ja shi baya. Ashe Baba Girgiza ne.

Ya ce, "Wallahi har na buɗe baki zan zage shi. Kafaɗa kawai ya sa, ya ɗan tura. Ko ƙarfi bai sa ba fa! Katakon nan ya yi tsalle, motar ta dira daidai inda kaina zai kasance. Shi kuwa ya koma garejinsa ya turo nasa jak ɗin, muka ɗaga ta, ya tafi. Har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba."

Yayata kuwa nata ƙorafin daban ne. Duk rigunan aikinsa kafaɗar dama ce ke fara mutuwa: ta yi baƙi, ta yi laushi, ta yage. Ta gwada kowane irin sabulu. Tana cewa da za a sayar da kafaɗar riga ita kaɗai a kasuwa, da ta huta.

Yaya, kai ne wanda muka yi ta yi wa dariya muna cewa ka cika nawa. Kai ne ka bar masu gaggawa suka yi fushi suka kai motocinsu wani wuri, ba ka bi su da ban-haƙuri ba. Kai ne ka koya wa mutane da yawa aiki, kuma ba a taɓa fitar da ɗayansu daga garejinka a ɗauke ba. Ba a ba da lambar yabo kan abin da bai faru ba, shi ya sa ba wanda ya kira ka wani taro. Amma akwai gidajen da uba ke dawowa cikinsu da yamma saboda kafaɗarka, ko su kansu ba su sani ba.

Sai dai ajiye aikin bai zo masa da sauƙi ba. Babban ɗansa ne zai riƙe garejin, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda muke kira Walƙiya saboda saurin hannunsa. Ya iya aiki, har ya fi uban sanin motocin zamani. Amma ba ya son jira, kuma duk tsawon zamansu tare, uban ne ke yin girgizar. Ɗan yana tsaye da sifana a hannu yana ƙagare. Yayata ta ja ni gefe ta ce, "Tun da likita ya yi maganar nan, yayanka ba ya barci. Ba ciwon bayan ba ne. Yana ganin ran da ba ya wurin, yaron nan zai shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai." Ga shi tsohon jak ɗin ma ya fara sauka da kansa in nauyi ya daɗe a kansa. Dole a sayi sabo kafin a miƙa wuri.

Ranar da za a je sayen, ni na kai su a motata, don a gwada a kanta. A hanya na shirya jin lacca. Sai Baba Girgiza ya ce wa ɗansa, "Kai za ka kwanta a ƙarƙashi, kai za ka zaɓa. Ni rakiya na zo." Ya nemi benci a bakin shagon kayan aikin ya zauna, ya harɗe hannu. Na san mutumin nan. Shirun nan ya fi masa ɗaga injin wahala.

Mai shago ya fara fito da wani ɗan jak kyakkyawa mai sheƙi, marar nauyi, danna kaɗan ya kai ƙarshe. Idon Walƙiya ya yi haske. Ya tura shi ƙarƙashin motata ya danna, jak ya miƙe iya miƙewarsa, taya tana nan daram a ƙasa.

Mai shago ya ce, "Ai abu ne mai sauƙi, ɗan katako za ka ɗora."

Na saci kallon benci. Baba Girgiza ya ƙara harɗe hannu, ya kau da kai.

Walƙiya ya ce, "A'a, maigida. Kawo mai dogon hannun can."

Aka turo wani jibgege na ƙarfe, mai faɗin gindi da manyan tayoyi. Walƙiya ya tsuguna ya karanta nauyin da aka rubuta a jikinsa, ya tambaye ni nauyin motata in an loda mata kaya, ya ce yana son wanda zai ɗauka har ya yi saura. Ya duba kan da ke tokarar mota, ya ga yana da faɗi da roba, kuma yana da abin ƙara tsawo na ƙarfe da aka ƙera tare da shi, mai shiga ya kulle. Ya cire abin ƙara tsawon, ya tura jak ɗin ƙarƙashin ƙaramar motar mai shago don ya ga ko bakinsa zai shiga, tunda garejin ba manyan motoci kaɗai yake karɓa ba. Ya shiga. Sannan ya dawo kan tawa, ya sa waigi, ya ɗaga har taya ta bar ƙasa da tazara mai kyau. Ya ja layi da alli a jikin ƙarfen, ya tsaya yana jira ya ga ko zai sauka. Walƙiya fa, yana jira! Layin bai motsa ba. Ya murɗa hannun a hankali, motar ta sauko sannu-sannu, ba ta faɗo gaba ɗaya ba.

Ya ce, "Wannan za mu ɗauka. Haɗa mini da matokarai dogaye, na gidan sun yi wa irin waɗannan gajarta."

Mai shago ya ce wa ma'aikatansa su ɗaure kaya. Walƙiya ya ce a dakata. Ya sake ɗaga motar, ya kafa matokaran, ya sauke ta a kansu. Bai waiwayi ubansa ba. Ya sa kafaɗar dama a jikin ƙofata, ya turo, ya jijjiga ta har madubina ya kaɗa.

Mai shago ya dafe kai. "Kai, bawan Allah! Za ka kayar da motar mutane!"

Walƙiya ya ce, "Abin da nake son in gani ke nan."

Ba ta motsa ba. Baba Girgiza ya miƙe daga benci yana dafe da ƙugu, ya zagaya jak ɗin sau ɗaya, ya ce, "Fentinsa bai yi mini ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma ba mu yi nisa da shagon ba na ji wani sauti a gefena. Na duba, sai ga Baba Girgiza kai a jingine da gilashi, baki a buɗe, yana minshari da rana tsaka. Na rage gudu, na riƙa kauce wa ramuka. Da muka isa gida yayata ta leƙo ta taga, ta dube shi, ta ce mu bar shi a nan, kada wanda ya buga ƙofa. Ban taɓa jin daɗin minsharin namiji kamar ranar ba.

Yaya, mun gode. Na gode da duk safiyar da ka makarar da ni. Allah ya hutar da bayanka, ya ba ka lafiyar zaman benci, ko da yake na san ba za ka iya zama ba tare da ka gyara wa wani riƙon sifana ba. Ku kuma masu gareji, da masu faci, da ku da kuke canja taya a ƙofar gida: ku sayi jak da ya kai tsawon motarku ya kuma fi ƙarfin nauyinta, ku raba shi da katako da bulo, ku kafa matokari. Kafin ku zura kai, ku sa kafaɗa ku tambayi motar ko ta zauna. In an yi muku dariya, ku ƙyale; an yi wa wanda ya fi ku.

Kwanakin baya na je gidan, na tarar da matar Walƙiya a bakin famfo tana dirzar rigar aikin mijinta. Ta ɗaga ta tana nuna wa surukarta.

"Mama, dubi kafaɗar nan. Na rasa me yake gogawa a wurin. Wane sabulu zan sa?"

Yayata ta karɓi rigar, ta shafa baƙin da tafin hannunta, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa mata.

"Shanya ta haka, 'yata. Ba ya fita. Kuma kada ki so ya fita."