Gwaggo Mai Guga da Ƙasar da Ta Ƙi Motsi

Gwaggona, ƙanwar babanmu, shekara arba'in ta yi tana guga. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi: faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, igiyar rataye kaya, sai dutsen guga na gawayi guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan wuta. Ko da lantarki ya zo layinsu ba ta sauya ba, wai dutsen lantarki ba shi da nauyin da zai kwantar da kwalar riga. Mace ce mai tsauri. Ka yaba aikinta, sai ta juya rigar tana neman inda ta yi kuskure, don a wurinta duk mai daɗin baki akwai abin da yake ɓoyewa. Ban ga laifinta ba. Mijinta ya yi mata daɗin baki shekara shida, sannan ya tafi neman aiki bai sake waiwayowa ba.

Ɗa ɗaya ta haifa. Da gugar nan ta ɗauki nauyin karatunsa har ya zama malamin firamare, kowa na ce masa Ticha, har ita kanta. Shi ke jan waƙa a cocinmu, ita kuma duk Asabar ta kwaso rigunan mawaƙa ta goge, ta fara da tasa. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi yana da shekara talatin da ɗaya. Likita ya ce mata kada ta damu, bayan kwana tara ya fito ya ce ta yi haƙuri.

Ta yi kuka kamar ranta zai fita, amma ta tashi ta koma kan teburinta. Magana ɗaya ce ta riƙe ta, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji ta: “Riga ni ya yi kawai. Zan same shi can.”

Shekara uku tana rayuwa a kan wannan maganar, sai tsohon fastonmu ya yi ritaya aka kawo sabo. Ni dai ban taɓa son mutumin ba, kuma ba zan ɓoye ba. Takalminsa ya fi kansa haske. Wa'azinsa rabi daga Littafi, rabi daga bidiyon waya. Ni sana'ata ɗaura dish, wato faifan kama tashoshin talabijin, a saman gidaje, kuma da hannuna na ɗaura masa nasa, ya tsaya a ƙasa yana ce mini hoto bai fito ba tukuna, amma wannan bai hana shi hawa bagade ya ce tauraron ɗan'adam ƙarya ce ba. Wata Lahadi ya ce ƙasa a shimfiɗe take, a kafe, rana ce ke tafiya. Ya ce duk wanda ya yarda ƙasa ƙwallo ce mai juyawa ya mai da Allah maƙaryaci, wanda ya mai da Allah maƙaryaci kuwa ba shi da rabon ceto, bare wanda ya koya wa yara.

Matasa a baya suna ƙunshe dariya. Gwaggo tana layi na biyu, ba ta yi dariya ba. Ta sha ganin Ticha yana ɗaukar lemo da fitila zuwa aji don nuna wa yara yadda dare da rana ke zuwa.

Ana tashi ta tare faston a bakin ƙofa. “Fasto, ɗana fa? An yi masa baftisma. Da sunan Yesu a bakinsa ya tafi, ina wurin.”

“Mama, ya janye abin da ya koyar kafin ya rasu?”

“Ba wanda ya ce masa laifi ne.”

Ya buɗa hannu ya ce shi ba zai sassauta gaskiya don hawaye ba, ya wuce gaisawa da wasu.

Ni na ɗauke ta a babur zuwa gidan tsohon fasto. Dattijon ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya ce, “Mama, ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji, an tambaye shi siffar ƙasa kafin a karɓe shi? Ceto a wurin Yesu yake, ba a taswira ba. Ɗanki yana hannu mai kyau.” Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan. Muna hawa babur ta ce, “Tausayina yake ji. Shi ya yi wa yaron baftisma, me kake so ya ce?” Na kai ta wurin wasu fastoci biyu, duk bakinsu ɗaya da dattijon. Ko ɗaya bai shige ta ba. Mutum uku sun faɗa mata mai daɗi, ɗaya ya faɗa mata mai ɗaci, ita kuwa duk rayuwarta mai ɗacin ce ke tabbata.

Aikinta ya fara lalacewa. Matar da ba ta taɓa ƙona ko hankici ba ta bar shatin dutse a bayan farar riga.

Wata safiya sai ga ta a shagona, ta zauna kan kwalin waya ta ce, “Mai tsani,” haka take kirana saboda tsanin da nake hawa wurin aiki, “koya mini juyawar nan.”

Na yi murna, na ɗauka ta shirya watsar da maganar mutumin ne. Na turo ƙofa don ɗakin ya yi duhu, na ɗauko ƙwallon yarana da tocila. Na juya, na haska, na yi bayanin inda nake saita dish da dalilin da ya sa ba ya kallon ko'ina sai wuri ɗaya. Ta bi ni da ido, har ta maimaita mini tiryan-tiryan ba kuskure.

“To kin gane ke nan, Gwaggo.”

“Ganewa ba ita nake nema ba. Yarda nake so in yi, har cikin zuciya.”

“Don me?”

“Idan wannan ce ta kai shi inda yake, ni ma ita za ta kai ni. Yaron nan ko zazzaɓi bai iya yi shi kaɗai ba.”

Na ajiye tocilar. Na yi mata faɗa, na ɗaga murya a kan matar da ta goya ni, na ce Ticha ba ya cikin wuta, na ce wannan saɓo ne. Ta jira na gama ta ce, “Ka rantse ka gani da idonka?” Ban iya ba. Har yau ina jin haushin kaina da ban rantse ba kawai.

Daga ranar ta shiga aikin kamar yadda take shiga guga. Kowace safiya kafin ta hura gawayi sai ta faɗa da ƙarfi sau bakwai cewa ƙasa tana juyawa. Ta sa na zana mata a jikin bango. Ranar wata Lahadi, lokacin ba da shaida, ta miƙe a gaban jama'a ta faɗa. Fasto ya dakatar da ita daga cin jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da ake rabawa a coci, aka karɓe rigunan mawaƙa aka ba wata. Ta dawo gida da fuskar da ban ga irinta ba tun rasuwar, kusan a ce fara'a. Ta ɗauka ta samu hanya.

Bai kai wata biyu ba abin ya rushe. Na same ta da rana tsaka a tsakiyar shagon, ba takalmi, ido a rufe, hannuwa a buɗe, gawayi ya mutu a cikin dutse.

“Shiru,” in ji ta. “Ina saurare ne.”

Na tsaya. Can ta buɗe ido.

“Ba ta motsi, Mai tsani. Kullum ina gwadawa. Dubi ruwan kwanon nan, ko girgiza ba ya yi. Bakina yana faɗa, ƙafata tana ƙaryata ni, Allah kuma zuciya yake dubawa. Ya san ban yarda ba.”

Na ce babu wanda ke jin motsin, ko ni, ko Ticha. Ta girgiza kai ta ce shi ai mai ilimi ne, ya iya yarda da abin da bai ji ba.

Bayan shekara biyu aka mayar da faston wani wuri. Wanda ya gaje shi ya zo har gida ya ce ta dawo teburin Ubangiji, ya ce maganar ba ta da tushe. Ta gode masa, ta ba shi ruwa, ba ta je ba. Yanzu hannunta ba ya iya ɗaga dutse, tana zaune a ɗakin bayan gidana, matata ke kula da ita. Ba ta tsoron mutuwa don zunubi kamar sauran tsofaffi. Makon jiya da na kai mata magani ta kama hannuna, ta ce in yi mata addu'a. Na tambaye ta ta me.

“Ka roƙa kada a cece ni,” ta ce. “Ni na kasa kai kaina inda yake.”