Tsohon da Ke Tsaron Iyakarmu

Yayana ya sayar da kan mutum, kuma har yau ban yafe masa ba. Kan na yumɓu ne, amma wannan bai rage masa laifi ko ƙwayar gero ba a wurina.

Gonarmu tana bayan Fakku, ta gangara har fadama, inda ta yi iyaka da gonar maƙwabtanmu. A wajenmu da gamba ake shaida iyaka, ko kunya, ko dutse. To gamba wuta na cinye ta, ruwa na share kunya, dutse kuwa ko wa ya ga dama sai ya mirgina shi. Lokacin da kakanmu da kakan maƙwabtan suke sharar wurin, fartanya ta tono musu wani kai na gasasshen yumɓu. Girmansa kamar ƙaramar ƙwarya, da gemu, da gira mai nauyi da ta rufo idanunsa kamar wanda aka tasa daga barci. Aikin mutanen da ne, waɗanda ko sunan ƙabilarsu ba mu sani ba. Sai tsofaffin biyu suka mayar da shi ƙasa daidai inda suka yarda gonar wannan ta ƙare, ta wancan ta fara. Babu irinsa biyu, balle a musanya shi. Duk shekarar da ambaliya ta share kunya, gidajen biyu su fita tare, a tona, a gan shi, a ja igiya daga kansa zuwa aduwar da ke tudu, a rufe. Tsoho muke ce masa, kuma ba a tona shi sai kowane gida na tsaye.

Ina ƙarama na gan shi, na tambayi Baba ko gunki ne.

"Ba mu roƙonai komi, ba mu yanka mai komi," in ji Baba. "Shaida na, ɗiyata."

Da Baba ya rasu aka raba gado, yankin fadamar nan ya faɗo a rabona. Ina aure a Tambuwal, ina koyarwa a firamare, don haka Yaya ke noma mini shi. Da kaka a kawo mini shinkafata, in ci, in ba maƙwabta, in yi taƙama.

Sai ga shekarun da masu motoci suka fara yawo a ƙauyukan Kebbe suna tambayar kayan mutanen da. Mutane suka bar noma suka koma tonon ramuka kamar gafiyoyi. Wata ranar da na je gida na tarar da ɗaya daga cikin dillalan nan a zauren Yaya, da farar riga, turare har ƙofar gida, baki kamar an shafa masa zuma. Ban san wa ya tsegunta masa labarin Tsoho ba.

"Malama, ke mai ilimi ce," ya ce mini. "Abin nan a ƙasa lalacewa yake yi. Inda za a kai shi, cikin gilashi za a sa shi, duniya ta gani."

Na ce masa duniya ta je ta tono nata. Da ya fita na juya kan Yaya, ya ɗaga hannu sama.

"Ke, wa ac ce za a taɓa shi? Gaisuwa ta yaz zaka yi."

Kafin wata ya mutu Yaya ya hau sabon babur. Ya ce awakinsa ya sayar. Awakin nan kuwa na gan su da idona suna cin harawa a bayan ɗaki, amma ɗan'uwa ne babba, uwa ɗaya uba ɗaya, zuciyata ta ƙi kai zargin inda ya kamata.

Damina ta gaba ruwa ya yi gyara, fadama ta cika ta batse, kunya ta tafi. Ɗan maƙwabcinmu, wanda ya gaji gonar ubansa, dama mutum ne mai dogon hannu. Ya ce iyaka tana can sama, nesa da inda muka sani. Aka aiko mini, na hau mota na zo da ƙarfina, don na san akwai mai raba gardama a ƙasa. Mai gari ya fito da dattawa, aka kawo fartanya. Aka tona inda na nuna, babu. Aka matsa gabas, aka matsa yamma, rami ya kai ƙugu, sai jar ƙasa. Yaya na tsaye ya yi tsuru-tsuru.

Mai gari ya dube shi. "Kai, ina Tsoho?"

"Ranka ya daɗe, gunki na. Na tsarkake gona ta."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Gunki hwasa shi aka yi, Yaya! Wane malami yac ce maka a saishe shi a hau babur?"

Dattawa suka ce in yi haƙuri. Haƙurin me? Mai gari ya faɗi abin da kowa a wurin ya riga ya sani: gidan da ya cire shaida shi kaɗai, ba shi da sauran bakin magana. Aka ja igiya inda ɗan maƙwabci ya nuna. Abin da ya rage mini a fadamar ko tabarmar sallah biyu ba za su shimfiɗu a kai ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon ni ya doka, tsuntsun kuwa ya tada babur ɗinsa ya koma gida.

Daga baya wani abokin aikina ya nuna mini hotuna a wayarsa, na wasu sassaƙaƙƙun duwatsu na mutanen da ake kira Maya, can ƙetaren teku. Ya ce da zarto ɓarayi suka yanke fuskokin wasu daga inda suke tsaye, masu kuɗi suka saya, yanzu jikokin masu abin suna neman a mayar musu. Shi tarihi yake wa kuka. Ni haushin masu sayen ne ya kama ni. Su sa mutum ya sato, su biya shi, sannan su kira kansu masu adanawa. Ba su tambayi aikin da abin yake yi a inda yake ba, domin amsar za ta ɓata musu ciniki.

Dillalin nan kuwa, na sake ganinsa bara a kasuwar Tambuwal, ya ƙara ƙiba. Shi ya fara gane ni, ya matso da murmushinsa.

"Malama, kwantar da hankalinki. Tsohon naku ya ƙetare teku lafiya. Ɗaki mai sanyi aka sa shi, ko ƙuda ba ya sauka a kansa."

Na so in watsa masa abin da ke hannuna a farar rigar nan. Sai na tuna shinkafa ce, kuma yanzu na gama awonta da kuɗina.