Doreen Halvorsen, Malamar da ta Jiyar da Kurame Ƙarar Kumbo

Haihuwa da Tasowa

An haifi Doreen Halvorsen a shekarar 1948 a garin Duluth na jihar Minnesota, ɗiya ce ga Arne Halvorsen, ma'aikacin maɗaba'a, da mai ɗakinsa Inga, waɗanda dukkansu kurame ne tun haihuwa. Ita kam Allah ya ba ta ji, amma maganar hannu ta riga ta baki zuwa mata, har maƙwabta kan ce ko barci take yatsunta ba sa shiru. Duk Lahadi takan raka mahaifinta coci, ta hura masa balan-balan ya rungume, domin ta haka kurame ke kama motsin kiɗa a tafin hannu. In ta tambaye shi ko ya ji, sai ya taɓe baki ya amsa da yatsu: "Wannan ne jin da kuke mana fankama da shi? Ai sauro ne ya gifta."

Ilimi, Aiki da Iyali

Ta kammala kwalejin horon malamai a 1970, ta kama koyar da kimiyya a wata makarantar kurame. A 1972 ta auri Walter Brandt, direban motar share ƙanƙara, bawan Allah mai haƙuri wanda bai taɓa ƙwarewa a maganar hannu ba. Mahaifiyarta ta rasu a 1979.

Zaɓenta

A 1986, da hukumar sararin samaniya ta nemi malamin makaranta guda da zai shiga kumbo, sai aka zaɓe ta daga cikin dubbai. Alfarma ɗaya ta nema, cewa a tsayar da mahaifinta da ɗalibanta a wuri mafi kusa da aka yarda ɗan Adam ya tsaya, don ta yi alkawarin sai sun ji ƙarar tashinta. Ta ce wa tsohon, "Baba, wannan karon ka ce sauro ne, ka gani in ban sauko na same ka ba." Ya ce, "Ke dai ɗauki rigar sanyi, sarkin surutu."

Ranar Tashi

Da hantsin wata Alhamis cikin Fabrairun 1987, mahaifinta da mijinta da ɗalibanta suka jeru a bakin teku, kowa rungume da balan-balan. Wuta ta fara tashi shiru, mai hasken da ido ba ya iya riƙewa, sannan ƙarar ta iso ta ƙasa, ta bi ƙafafu ta hau ƙirji. Ikon Allah! Tsohon nan ya saki balan-balan ɗinsa, don babu sauran buƙatarsa, ya dafe haƙarƙari, baki buɗe.

Jim kaɗan hayaƙin ya rabu biyu a sama. Masu ji suka ji sanarwa a lasifika cewa kumbon ya tarwatse. Kuramen kuwa suka zaci haka tafiyar take, suka ci gaba da kaɗa hannaye sama, wanda shi ne tafinsu. Walter ne ya durƙusa gaban surukinsa, ya harhaɗa masa labarin da yatsunsa masu in'ina.

Rasuwa da Jana'iza

Babu wanda ya tsira cikin kumbon. Bayan an tsamo gawarta daga teku, aka jira ƙasa ta saki ƙanƙara, aka binne ta a Duluth cikin watan Mayu, kusa da mahaifiyarta. A bakin kabarin Arne ya ɗaga hannu saitin ramin, yadda za ta gani, ya ce, "Na ji, 'yata. Ba sauro ba ne."

Ta rasu tana da shekara talatin da takwas, ta bar mahaifinta da mijinta da 'ya'ya biyu: Nils, wanda daga baya ya zama matuƙin jirgin ruwa a tafkin garinsu, da Karin, wadda da ta girma ta gaji ajin mahaifiyarta.