Takardar Kawu da Dutsen Gugata

Shagon ɗinkina a kasuwar Tanut yana kallon rumfar cacar gwamnati, ƙofa da ƙofa. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai taga ɗaya, inda ake sayar da tiken tiyarse: ka zaɓi lambobin dawaki uku da za su yi tsere a Faransa, inji ya tofo maka 'yar takarda, ka koma gefe kana addu'ar da ba ka so liman ya ji.

Da can a gindin aduwar bayan kasuwar dabbobi ake caca, da karta da kuɗin wuri. Yanzu kuwa in jandarma suka same ka a can, sai ka kwana a hannunsu. Caca haramun ce a ko'ina, amma a wurin hukuma wadda ba ta bi ta tagar nan ba ita ce laifi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ce wannan shi ne kura ta zama sarkin fawa.

Mutumin Tarka ne, dogo, mai yawan faɗa, kuma makiyayi tun yana yaro. Shekarar da ruwa ya ƙi, dabbobinsa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ita ce taguwarsa, wadda ya raina da hannunsa. Tun daga nan ba shi da magana sai ta taguwa. Duk ranar kasuwa zai zo ya zagaya raƙuma, ya buɗe bakin wannan, ya shafa tozon waccan, ya taya abin da ba shi da halin saye. Dillalai har sun gaji da korarsa. Daga nan sai ya biyo ta taga, ya yanki tike, ya zo shagona ya zauna yana zagin gwamnati.

Ran nan da hantsi ina kan keke na ji kasuwa ta ɗauki ihu. Mai rumfa ya rubuta lambobin da suka ci a allo, kuma ga Kawu tsaye, rawani ya warware, yana ɗaga takarda sama.

"Ɗan nan! Fito ka duba mini! Idona ne ko kuwa?"

Na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura na fita ba takalmi. Na duba allo, na duba takarda. Uku cif, kuma a jere yadda suka shigo. Na rungume shi, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Masu nama suka bar tukuba, mai shayi ya ce yau kowa ya sha kyauta, wata tsohuwa mai sayar da cuku ta rangaɗa guɗa ba ta ma san dalili ba. Dillalan da ke korarsa su ne suka riƙa kiransa Alhaji.

Mai rumfa ya leƙo ta taga yana dariya. "Baba, wannan ya fi ƙarfin akwatina. Sai babban ofis a Damagaram. Ka je da takardar da kart dantite, katin shaidarka, su biya ka. Ka riƙe ta da kyau."

Kawu bai tsaya jin sauran ba. Kasuwar dabbobi ya nufa, mu kuma muna biye kamar 'yan rakiyar ango. Ya tsaya gaban wata taguwa ja mai dogon wuya, ya ce wa Buzun da ke da ita kada ya kuskura ya sayar kafin jibi. A hanyar dawowa ya sayi akala sabuwa, mai tuntu, ya rataya a kafaɗa. Na ce, "Kawu, ba a sayen akala kafin raƙumi." Ya ce in rufe masa baki, me tela ya sani.

Muka koma shago. Ya aro babbar riga wurin maƙwabcina, ya ce in goge masa, don ba zai shiga ofishin gwamnati kamar wanda aka ƙwato daga bakin kura ba. Na zuba gawayi a dutsen guga, na goge rigar tsaf, na tafi tasha in kama mana wuri a motar Damagaram.

To, mu mutanen nan ƙasar Damargu akwai mu da girmama takarda. Ko ta rigakafin awaki ce, sai an nannaɗe ta a leda an sa a ƙasan adaka. Tiken Kawu kuwa ya sha hannu: kowa ya taɓa don neman albarka, ya yamutse, har da maiƙon tsire a gefe. Kawu ya dube shi ya ga bai dace a miƙa wa ma'aikaci abu haka ba. Ga dutse da sauran zafi. Ya shimfiɗa takardar a kan teburina, ya ɗora mata shi a hankali.

Irin takardar injin nan ba ta shiri da zafi. Ni ma sai ranar na sani.

Da na dawo na same shi tsaye cikin rigar aron, dutsen a hannu. Takardar ta miƙe sumul, ba ko lanƙwasa, kuma ta yi baƙi ƙirin daga sama har ƙasa. Babu lamba, babu doki.

Muka ruga taga. Rabin kasuwa ta biyo mu, kowa na rantsuwa ya gani da idonsa. Mai rumfa ya juya takardar, ya ɗaga ta ga rana, ya buga waya Damagaram. Da ya ajiye wayar bai iya kallon Kawu ba.

"Baba, ni na san kai ne. Amma can ba sa karɓar shaidu. Takarda suke biya."

Kawu ya ce, "A gindin aduwa, in mutum biyu suka ce ka ci, ka ci." Tausayinsa ya kama ni.

Ya tuɓe rigar aro ya ninke, ya mayar wa mai ita da godiya. Sannan ya je da kansa ya gaya wa Buzun ya sayar da taguwarsa. Akalar kuwa ya rataye ta a ƙusar da ke bayan kekena, ya ce in ajiye masa zai zo ya ɗauka. Yana zuwa duk ranar kasuwa, ya zauna a ƙarƙashinta, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba.