Ranar da Mutum Biyu Suka Taso Karɓar Lambar Yabo Ɗaya

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da ranar taronmu na farko na karrama 'yan kasuwa. 

Mujallar 'yan kasuwa muke bugawa. Ni da wani abokina muka fara ta a wani ɗan shago a Badarawa, bayan na ajiye aikin gwamnati. Cikin 'yan shekaru Allah ya sa wa abin albarka, muka koma babban ofis, muka ɗauki ma'aikata, kamfanoni suka fara kawo talla. Daga nan muka ce bari mu riƙa shirya taro duk shekara, mu tara masu sana'a, mu karrama waɗanda suka yi fice. A lokacin na zama oga, aikina sa hannu da amsa waya, kuma ba zan ɓoye muku ba, na fara jin kaina.

Babbar lambar yabon shekarar mun ware ta ga mai wani injin gyaran shinkafa a Rigachikun. Wani marubucinmu ne ya kawo labarin, na karanta ya burge ni, muka sa hoton mutumin a bangon mujalla. Matashi ne, bai fi shekara talatin da 'yan kai ba.

Ranar Asabar bayan azahar zauren ya cika maƙil. Ina tsaye a kan dandamali riƙe da lambar, mai gabatarwa ya kira sunan injin da sunan mai shi. Matashin ya taso daga layin gaba cikin babbar riga, ana ta tafi. Sai na hango wata dattijuwa can baya ita ma ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufo mu a hankali. Na ɗauka hanyar fita take nema. Ina! Matakalar dandamali ta hawo, ta zo ta tsaya daidai gabana.

Na rage murya na ce, "Hajiya, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Na ji an kira mai injin shinkafa ne, to ga ni."

Na dubi matashin don ya fitar da ni, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, yaushe kika zo?"

Ta ce, "Tun ana jera kujeru. Wani mai sarin shinkafa ne ya ce mini yau za a karrama injina a Kaduna."

Tafi ya mutu. Masu ɗaukar hoto sun ɗaga kyamara suna jira, ni kuwa na rasa hannun da zan miƙa wa lambar. Na waiga neman marubucin nan namu, na hango shi ya sunkuyar da kai. Abokina yana ta yi mini alama da hannu daga ƙasa, har yau ban san abin da yake nufi ba. Kunya ta sa na fara dariya, dariyar da ba dalili, a gaban baƙin da muka yi wata biyu muna lallashi su zo.

Ita ce ta cece ni. Ta karɓi lambar, ta juya ta, ta tambaye ni sunan wa aka rubuta a jiki. Na gaya mata. Ta miƙa wa matashin ta ce, "Riƙe, ai sunanka ne." Sannan ta matso kusa da makirfo ta ce, "Jama'a, ɗan ƙanina ne, yana ƙoƙari ƙwarai. Amma ni na fara da tukunya ɗaya a bayan gida, tun bai iya ɗaura zariya ba." Wuri ya ɗauki dariya da tafi. Kafin ta sauka ta dube ni ta ce, "Kai kuma Malam, ka zo ka ga wurin."

Ranar Litinin na tsare marubucin. Ya ce ya kira wayar injin, Hajiya ta ce tana cikin aiki, a yi magana da yaronta. Duka hirar a waya suka yi, hoton ma turo shi aka yi. Bai tambayi wanda ya kafa wurin ba, shi kuma matashin bai faɗa ba. Na ɗaga murya zan yi faɗa, sai na tuna ni na karanta labarin, ni na sa hannu, ni ma ban tambaya ba.

Washegari na tafi Rigachikun. Na same ta a tsaye tsakanin buhuna, tana damƙar shinkafa tana dubawa, mata kusan ashirin suna aiki a ƙarƙashinta. Muka yi hira har la'asar. A fitowar mujallar ta gaba muka sa hotonta a bango, muka nemi afuwa a shafin farko. A ranar da na je ɗin, matashin ya rako ni mota yana cewa, "Wallahi yallaɓai, ban taɓa cewa nawa ba ne." Har gobe ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ko daɗin hoton ne ya rufe masa baki.

Kamfaninmu ya ci gaba da girma, yanzu har wasu jihohi muke kai taro. Amma abin da na koya ranar shi ne, duk yawan ma'aikatanka, abin da ka sa wa hannu naka ne. Tun daga lokacin ba ma buga labarin kowa sai ɗayanmu ya je da ƙafarsa, ya gaisa da mutanen wurin, ya tambaye su wa ya fara.